Lesin ɗin kwaman entarans da na kai 'yata, abin da na gani mai daɗi da mara daɗi

Iyaye da yawa sun dame ni da tambaya a kan wurin lesin ɗin nan na unguwarmu a nan Kano da ke shirya 'yan aji shida jarrabawar shiga makarantun gwamnatin tarayya, wato kwaman entarans ɗin da NECO ke yi, wai ya wurin yake, ya cancanci kuɗinsa ko kuwa irin wuraren nan ne na a karɓi kuɗinka a jibga wa yaro tsoffin tambayoyi ya yi ta hadda. To bari in faɗa gaba ɗaya in huta da amsa ɗaya bayan ɗaya. Sunan wurin dai ba zan kama ba, saboda akwai maganganun da zan yi da ba za su yi musu daɗi ba, kuma tsakani da Allah mutanen kirki ne, ba na son in zama sanadin taɓa musu abinci. Wanda ya san wurin zai gane, wanda bai sani ba kuma ya ɗauki abin da zan faɗa ya auna duk wurin da zai kai nasa yaron.

A taƙaice, wajen koyarwa su ba wasu na musamman ba ne, lissafin da Turancin da suke yi duk malami mai tsoron Allah a makarantar yaronka zai iya yin irinsa. Inda suka ciri tuta shi ne jarrabawar gwaji da suke yi duk Asabar, wadda suke kwaikwayon ainihin ranar jarrabawa tun daga bakin get har zuwa ƙirga takardu a ƙarshe, kuma ni a ganina kuɗin da na biya na wannan Asabar ɗin ne, sauran ranakun gyara ne kawai aka yi mini.

Ga wanda bai taɓa sa yaro ba, ita wannan jarrabawa hukumar NECO mai hedikwata a Minna ce take shirya ta sau ɗaya a shekara, yawanci ranar Asabar, don ɗaukar yara aji ɗaya na ƙaramar sakandare a makarantun haɗin kai na tarayya da suka haura ɗari a faɗin Najeriya, irin su FGC Kano da FGC Kaduna da FGC Daura, ga na mata kamar Minjibir da Kazaure da Bakori. Takarda biyu ce. Ta farko akwai lissafi da kimiyya a ɓangare guda, Turanci da sanin zamantakewa a ɗaya ɓangaren, ta biyu kuma gwajin kaifin basira ne, na lambobi da na sana'o'i da na kalmomi. Duka canki-canka ne, yaro ya zaɓi amsa ya cike ɗan akwati da fensir a takardar amsa, kuma na'ura ce take makin, ba malami ba. Wannan maganar na'urar ita ce yawancinmu ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, alhali kusan duk dokokin ɗakin jarrabawar daga nan suka taso. Malami in ya ga yaro ya ɗan karkace zai gane nufinsa ya ba shi makinsa, ita kuwa na'ura ba ruwanta da nufi.

Yaranmu tun daga aji ɗaya sun saba da jarrabawar ƙarshen zango, a ajinsu, a bencinsu, antinsu da ta san sunan kowa tana zagayawa, in ka maƙale ka ce Anti ban gane lamba bakwai ba ta zo ta karanta maka har ta ɗan yi maka nuni da ido. Sai rana ɗaya a ɗauki yaro ɗan shekara goma ko sha ɗaya a kai shi wata makarantar da bai taɓa shiga ba, baƙin fuskoki, ga jami'an tsaro a bakin get, a ba shi takarda mai ƙananan akwatuna reras a ce ya rubuta sunansa harafi ɗaya a akwati ɗaya sannan ya bi ƙasan kowane harafi ya cike. Wallahi yaro mai ƙoƙari ma sai ya rikice.

Ga yadda Asabar ɗinsu take. Ƙarfe takwas ake rufe get kuma da gaske suke rufewa, na ga uba ya sauke ɗansa a makare yana ta bugun ƙofa yana cewa cunkoso ne a hanya, Malam mai wurin ya leƙo ya ce Alhaji ka yi haƙuri, zai shiga amma lokacin da ya wuce ya wuce, ba za a ƙara masa ko minti ɗaya ba. Iyaye duk a waje muke tsayawa, ba mai tsallaka get. Kowane yaro sun yi masa ɗan kati mai hotonsa da lambarsa, kwaikwayon katin hoton da ake cirowa a intanet bayan an gama rajista, in ba ka zo da shi ba gefe za ka koma sai kowa ya shiga tukun. A bakin aji ana duba aljihu, mata wata anti ce take duba su har cikin hijabi amma cikin mutunci, maza kuma malami namiji. Jaka da littafi duk a baranda ake barinsu, kalkuleta da waya kuwa ba a ma maganarsu. Abin da ke shiga ciki fensir HB guda biyu a fiƙe, da kilina, da abin fiƙe fensir, sai katin. An rubuta lamba da alli a kan kowane benci, yaro da kansa zai nemo lambarsa ya zauna, ba zancen ni kusa da ƙawata zan zauna, kuma duk mako suna sauya jerin don kada a saba da maƙwabci.

Sannan a shigo da tambayoyin a cikin ambulan a liƙe, a ɗaga sama kowa ya ga ba a taɓa buɗe shi ba, a yage a gabansu. Ni da farko dariya abin ya ba ni, na ce tambayoyin da ku kuka buga jiya a kantin hoton takarda na bakin titi ne har da wani liƙewa, amma da na tambayi Malam sai ya ce Hajiya so nake yaro ya san haka ake yi, duk ranar da ya ga an shigo da takarda a buɗe a hannu ya san da wata a ƙasa. Ana raba takarda a kife, ba mai juyawa sai an ce a fara. Kafin nan ana ba su lokaci na daban don cike suna da lambar cibiya da lambar jarrabawa, masu sa ido suna bi benci-benci suna dubawa, ana kuma zagayawa da takardar halarta kowa ya sa hannu. Akwai agogon bango babba a gaba, ana rubuta lokacin farawa da na gamawa a allo, ana sanarwa in ya rage minti goma. Mai son fita bayan gida ya ɗaga hannu, a raka shi, ɗaya bayan ɗaya. In an ce a ajiye fensir to an gama, wanda ya ci gaba da cikewa sai a ja layi a takardarsa a rage masa maki. Kuma ba mai tashi daga benci sai an ƙirga takardun amsa sun yi daidai da yawan waɗanda suka sa hannu.

Abin da ya sa na sallama musu shi ne takardar 'yata ta farkon zuwanta. Da aka tashi Malam ya aiko a kira ni ofis, ya shimfiɗa takardar amsarta a tebur kusa da takardar tambayoyin da ta yi lissafinta a jiki, ya ce Hajiya duba nan. Ashe ta tarar da wata tambaya mai wuya a tsakiyar lissafin ta tsallake ta, wanda daidai ne haka ake so, amma a takardar amsa ba ta tsallake layin ba, sai amsar tambaya ta gaba ta faɗa a gurbin wadda ta bari, haka kowace amsa ta hau layin da ba nata ba har ƙasa. A takardar tambaya yarinya ta ci yawancinsu, a takardar amsa kusan duk sun tafi a banza. Kamar mai ɓalla maɓallin riga ne, in na farko ya shiga ramin da ba nasa ba to har wuya a karkace za a tafi. Ga kuma wurare biyu da ta goge ba ta goge da kyau ba, baƙin fensir na nan a akwati biyu, ya ce na'ura amsa biyu za ta gani kuma ba za ta ba da makin ba. Ni jikina har sanyi ya yi, don da a ranar gaske wannan ya faru babu wanda zai kira ni ofis ya nuna mini, sakamako kawai za mu gani mu ce yarinya ba ta da ƙoƙari, wataƙila ma a yi mata faɗa a gida a kan abin da ta sani.

Maganin da suka koya musu mai sauƙi ne, yaro ya ɗora yatsan hagunsa a kan lambar tambaya, kafin ya cike ya faɗi lambar a zuciyarsa ya duba ita ce a takardar amsa, duk bayan tambaya goma kuma ya tsaya ya sake dubawa. Suna hana naɗe takardar amsa ko lanƙwasa gefenta, suna hana jiƙa kilina da yawu, abin da yaranmu suka ƙware a kai, har hannu suke sa su wanke in sun ci awara ko wainar fulawa lokacin hutun tsakanin takarda ta farko da ta biyu saboda maiƙo. Har yanzu in 'yata tana aikin gida sai in ji tana ƙus-ƙus tana cewa sha biyu, sha biyu, kafin ta rubuta.

Wani abin da ya burge ni, ba sa wasa da satar amsa. Kowa ya san akwai wuraren da tallarsu ke nan a ɓoye, ka kawo yaronka mun san yadda za mu yi ranar. Nan tun taron iyaye na farko Malam ya ce duk wanda ya zo neman wannan ya karɓi kuɗinsa tun yanzu, ya kuma tuna mana da dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 4 ba zaɓin tara ga malami ko mai sa ido da aka kama da hannu a ciki. Wata uwa a bayana ta ce a hankali, wa aka taɓa ɗaurewa, muka yi dariya, amma ni abin da ya fi damuna ba ɗaurin ba ne, yaron da aka buɗe masa ido da satar amsa tun yana aji shida me kake tsammani zai yi in ya kai WAEC da JAMB. A gwajinsu in an kama yaro yana leƙe ba a dukansa, ana karɓe takardar ne a rubuta a kai, a kira iyayensa, ya zauna a baranda har a tashi.

Sun kuma taimaka wajen rajista, wanda ni ban zata yana cikin aikinsu ba. Rajistar a intanet ake yi, a biya ta Remita, a ɗora hoton fasfo, a ciro katin hoto. Su ba su suke yi maka ba, kai za ka je kafe ko makarantar yaron ta yi, amma sai sun karɓi katin sun duba harafi-harafi sun gwada da takardar haihuwa. A nan aka gano na wani yaro an rubuta masa Muhammed alhali takardunsa duk Muhammad ne, wata kuma an juya mata sunan mahaifi ya koma nata, irin ƙananan abubuwan da mai kafe yana hira yana dannawa, kai kuma ka zo ka yi ta yawon gyara da rantsuwar kotu bayan shekaru. Maganar shekaru ma sun tsaya a kai, ƙa'idar da aka daɗe da sani ita ce yaro ya kasance ɗan aji shida kuma kada ya gaza shekara 10 zuwa watan Satumba na shekarar, kuma na ji da kunnena Malam ya mayar da wata da ta kawo ɗanta ɗan aji huɗu, ya ce Hajiya ki bar shi ya gama firamarensa, gaggawar me ake yi. Wannan ɗabi'ar ta tsallake aji shida da ta zama abin gasa a makarantun kuɗi ni dai ban taɓa ganin amfaninta ba, a kai yaro makarantar kwana bai ma iya wanke kayansa ba.

To yanzu ga inda ban ji daɗi ba, kuma ba kaɗan ba ne.

Cunkoso. Da muka fara yara biyu ne a benci da tazara a tsakani, kamar yadda ya kamata, amma da jarrabawa ta matso aka yi ta karɓar sababbi ba a ƙara aji ba, sai ga uku a benci kafaɗa na gugar kafaɗa. Kai da kake koya wa yara kada su leƙa takardar wani sannan ka matse su haka, ai ka rushe rabin abin da kake ginawa. Ga zafin Kano na watan Afrilu, ɗakin rufin kwano ba silin, fanka ɗaya ce kuma sai in akwai wuta, janareta kuwa a ofis kawai take aiki. Da na yi magana sai aka ce mini ai ranar jarrabawar ma ba lallai su samu fanka ba gara su saba. Haba Malam, wannan ba hujja ba ce, tsumulmular man fetur ce kawai aka sa mata riga. Bayan gida ma guda ɗaya ne maza da mata, buta ɗaya, kuma 'yata ta sha dawowa gida a matse don ba ta iya shiga.

Sai kuɗi. Abin da aka faɗa mana da farko daban, abin da muka ƙare da biya daban. Kuɗin wata na nan, sai aka ce kuɗin takardar amsa ta gwaji duk Asabar, sai kuɗin kati, sai littafin tsoffin tambayoyi wanda dole a wurinsu za ka saya alhali irinsa na nan a kasuwar Sabon Gari da sauƙi, kuma nasu ɗin hoton takarda ne wasu shafukan sun dushe, zanen tambayoyin basira ba ya ma fitowa sosai, yaro na ta ƙura ido yana neman gane ko da'ira ce ko murabba'i. Har amsoshin bayan littafin na tarar da kuskure a wasu, baban 'yata ne ya zauna ya lissafa ya ga amsar da aka buga ba ita ba ce. Ni ba ƙarin ne ya fi ɓata mini rai ba, da sun haɗa komai sun faɗa tun ranar farko da mutum ya san abin da zai shirya, ba yau a aiko yaro da 'yar takarda gobe a aiko da wata ba.

Makin gwajin ma da hannu suke yi, da wata takarda mai huda-huda da suke ɗorawa a kan ta yaro, ba laifi tunda na'urar ba abin da kowa zai iya saya ba ce, amma sakamako yakan kai Laraba ko Alhamis bai fito ba, lokacin yaro ya manta ma me ya yi tunani da ya zaɓi amsar. Kuma wannan zaman da aka yi da ni aka nuna mini kuskuren 'yata, daga baya na gane ba kowa ake yi wa ba, sai uwar da ta nace tana bibiya. Su kuma liƙa sakamako a bango da suna da maki daga na ɗaya har na ƙarshe, wannan ban so shi ba ko kaɗan, na ga yarinya tana kuka a jikin bangon nan ƙawayenta na kallonta. Tunda kowa na da lamba me zai hana a liƙa da lamba.

Akwai kuma matsalar Turanci. Duk umarnin ɗakin jarrabawa da Turanci suke bayarwa, na gane dalilinsu tunda takardar da Turanci take zuwa, amma akwai yaran da suka zo daga makarantun gwamnati da ba su gama kama shi ba, kuma a makonnin farko ya kamata a yi musu bayanin dokokin da Hausa dalla-dalla har su zauna musu, sannan a koma Turancin. Wata anti ce kawai a cikinsu take yin haka don kanta, Allah Ya saka mata da alheri. Sannan Asabar da safe lokacin Islamiyya ne a yawancin unguwanninmu, sai da na je na roƙi malamin su ya ɗaga wa 'yata ƙafa na 'yan watannin, ba kowane malami ne zai yarda ba, kuma su masu lesin ɗin ko a jikinsu.

Wani abu da nake so iyaye su sani, don su a wurin ba sa faɗa sosai saboda kada kasuwa ta ragu, cin jarrabawar daban samun gurbi daban. Tsarin da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sha bayyanawa shi ne kashi 60 cikin ɗari na gurabe bisa cancanta, kashi 30 daidaito tsakanin jihohi, kashi 10 kuma na wasu larurori. Makin da ake yankewa ma ya bambanta daga jiha zuwa jiha, wanda ya tuna surutun da aka yi a 2013 lokacin da aka sa wa Anambra 139 Kano kuma 67 ya san abin da nake nufi. Wasu iyayen namu sai su ɗauki wannan su kwanta, wai ai mu 'yan Arewa ko yaya yaro ya yi zai shiga. Makarantun da kowa ke rububi gurbinsu kaɗan ne, kuma yaron da ya shiga da ɗan makin nan aji ɗaya zai zauna da wanda ya shigo da ninkinsa. Ga kuma maganar tsaro da dole uwa ta yi tunani kafin ta zaɓi makarantar kwana, ba mu manta hare-haren da aka kai FGC Buni Yadi a 2014 da FGC Birnin Yauri a 2021 ba, shi ya sa mu muka fi karkata ga na kusa da gida, kuma a nan ma ba wata shawarar kirki da suka ba mu, mu muka yi ta tambayar iyayen da yaransu ke ciki.

Ranar jarrabawar ta gaske da na ɗauko 'yata na tambaye ta ya aka yi, sai ta ce Umma ai irin na lesin ne sak, sai dai nan bencin ya fi faɗi. Ta ce yarinyar da ke gefenta biro ta fito da shi za ta fara cikewa sai da mai sa ido ya hango ya ba ta aron fensir, wani yaro kuma har aka ce a fara bai gama neman inda zai sa lambarsa ba yana ta hawaye.

Wanda ya tambaye ni ko ya kai nasa, amsata ita ce in makarantar yaronka tana koyarwa da kyau to kada ka biya na kullum, ka je ka nemi na Asabar kaɗai, suna yarda in ka matsa duk da ba sa tallarsa. Ka kai shi da wuri tun kafin a cika, wata biyu zuwa uku kafin jarrabawa ya isa, ka sa a rubuta maka duk abin da za ka biya a takarda tun ranar farko, ka leƙa ajin da bayan gidan da idonka, kuma duk mako ka nemi a ba ka takardar amsar yaronka ka haɗa ta da ta tambayoyin ku zauna ku duba tare a gida, kada ka tsaya a makin da aka liƙa a bango. Ƙanin 'yata yana aji huɗu yanzu, in Allah Ya kai mu lokacinsa Asabar ɗin kawai zan biya masa, shi ma sai na ga sun ƙara aji sun gyara bayan gidan nan tukun.